Leshin Gindin Buhu

Shekara talatin da huɗu Maman Tagwaye tana roƙon Allah ya shiryi mijinta. Ranar da Allah ya amsa, sai da ta ce da ta sani da ta ja bakinta ta yi shiru.

Mijin nan tela ne. Duk layin da shagonsa yake ba mai kiransa da sunansa na gaskiya, Sai-Gobe ake ce masa, don ko maɓalli ɗaya ka kai masa ya liƙa maka, amsar ke nan. Amma fa ya iya ɗinki, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Kallo ɗaya zai yi wa mace ya san faɗin kafaɗarta, tef ɗin da ke rataye a wuyansa ado ne kawai. Shagon ɗaki ɗaya ne da ƙuryarsa. Teburin yanka a tsakiya, kekunan ɗinki biyu a bakin taga, da wani benci da ya sha zaman masu jiran gobe har ya yi santsi.

Kowane tela, in ya gama aiki, 'yan ƙyallayen da suka zube ƙasa nasa ne, ba mai tambaya. Sai-Gobe kuwa ba ya jiran su zube. Kafin ya ɗora alli a kan yadi, sai ya fara datse nasa daga gefe, wani lokaci faɗin tafin hannu, wani lokaci rabin yadi in ya ga mai kayan ba ta da ido, sannan ya matse ɗinkin a cikin abin da ya rage. Har suna ya ba abin, wai rabon almakashi. A wurin maigidansa ya koya tun yana saurayi, bai taɓa jin sata ba ce, a ganinsa sana'ar ke nan. Cikin shekarun nan rabon almakashi ya cika buhu biyar a ƙuryar shago.

Ita Maman Tagwaye, kada a yi mata ƙarya, ba ta taɓa riƙe almakashin ba. Buhun kawai take buɗewa. 'Yan matanta biyu a cikin rabon almakashi suka girma, labulen falonta daga nan ne, rigunan filo daga nan, har ɗan mayafin da take rufe rediyo da shi. Shiriyar da take roƙa wa mijin ta giya ce, da zaman teburin masu hira, da ƙin zuwa coci. Ita dai sahun gaba take zama ranar Lahadi, ita ke ɗaga waƙa a ƙungiyar mata, in ta ce amin har bayan coci ana ji.

Wata Talata da rana tsaka Sai-Gobe ya kife a kan keken ɗinkinsa. Hawan jini ne. Kwana huɗu ya yi a asibiti, ya fito da rai, amma tsoro ya shige shi ba ɗan kaɗan ba. Da fasto ya zo duba shi, sai ya riƙo masa hannun riga.

"Fasto, in da na wuce fa?"

"Da ka wuce."

"To me zan yi? Azumi zan kama, ko in saya wa coci benci?"

"Benci muna da su," in ji fasto. "Kuka kuma kowa ya iya. Ba a fafe gora ranar tafiya, in za ka shirya ka shirya yanzu. Ni ban san ɗinki ba, kai ka san inda hannunka yake cutar mutane. Tuba daga can take farawa."

Maman Tagwaye tana zaune a gefen gado tana gyaɗa kai. "Faɗa masa, Fasto! Ni bakina ya gaji."

Kwana biyu da sallamo shi ta kai masa abincin rana shago, ta tarar ya jawo buhunan nan biyar tsakar ɗaki. Ya zazzage na farko a kan teburin yanka, yana warewa.

"Baban Tagwaye, lafiya? Likita cewa ya yi ka huta."

"Mayarwa zan yi."

"Mayar da me?"

"Kayan mutane."

Ta dubi buhunan, ta dube shi. "Wai ciwon nan har kai ya taɓa ne? Tsumman shekara talatin za ka bi gida gida da shi? Wa ya tambaye ka? Wa ma ya sani?"

"Ni na sani."

Abin haushin kuwa, ya sani ɗin. Mutumin da bai taɓa riƙe ranar haihuwar 'ya'yansa ba, sai ga shi ya ɗaga ƙyalle ya ce wannan na matar mai gyaran rediyo ne, shekarar da suka yi gobara, wannan na malamar makaranta ne, lokacin tana da cikin na uku. Ɗaya bayan ɗaya yake goge su da dutsen guga, ya ninke, ya jera.

Ba tsummokaran ne suka tsinka wa Maman Tagwaye ciki ba. A gindin buhu na biyar akwai farin leshi yadi ɗaya cur, ita da hannunta ta cusa shi can, shekara goma sha biyu ke nan.

Ga yadda aka yi. A lokacin akwai wata mai ɗinki a keke na biyu, ana ce mata Bahaguwa saboda da hagu take yanka. Yarinya ce mai shiru, ɗinkinta tsaf, har wasu masu kawo kaya sun fara cewa ita suke so. Sai matar likita ta kawo leshi na auren 'yarta, irin wanda ba a samu a kasuwar garin. Maman Tagwaye ta gani, ranta ya biya. Ita ta matsa wa mijin, ta ce yadi ɗaya ba zai nuna ba. Ashe matar likita ta auna kayanta kafin ta kawo. Rigar amarya ta fito ɗangalalle, matar ta dira shago ranar Asabar, benci cike da mata, tana cewa sai ta ga ɓarawon.

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Maman Tagwaye ta zabura, ta nuna Bahaguwa da yatsa, ta ce dama ta daɗe tana lura da hannun yarinyar nan. Ta fizge jakarta ta zazzage a ƙasa gaban jama'a. Ba komai a ciki sai tazar kai da guntun burodi, amma ta ce ai ta riga ta fitar tun jiya. Sai-Gobe yana tsaye da almakashi a hannu bai ce uffan ba. Bahaguwa ta tsince kayanta ta fita. Daga ranar ba shagon da ya sake ba ta keke, cocin ma ta daina zuwa. Leshin kuma bai ɗinku ba, wa zai sa shi a garin nan? Ga shi nan kwance, yanzu kuma buhu huɗu ne kawai tsakaninsa da idon duniya.

Sai-Gobe ya fara yawo. Da safe ya ɗauki ƙunshi ya fita da ƙafa, shago a rufe, masu kawo ɗinki suna zuwa suna komawa. Sai ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya cire hula, ya ce, "Wannan naki ne. Na yanke kafin in ɗinka. Ki yafe mini." Wata ta yi dariya har da riƙe ciki. Wata ta karɓa ta jujjuya, ta ce ashe shi ya sa rigar ta shaƙe ta a hammata, shekara takwas tana zaton ƙiba ta yi. Matar mai gyaran rediyo ta wanke shi tas, ta bi shi har bakin titi tana yi. Inda mai kaya ta mutu ya ba 'ya'yanta. Inda aka rasa kowa, sai ya haɗa ƙyallayen ya ɗinka riguna ƙanana ya kai ɗakin yara na asibiti. Ƙyallen da ya san an riga an ɗinka an sa a nasa gidan, ya ce mai shi ta kawo yadi ya yi mata ɗinki kyauta, kuma ranar da ya ce ta zo, ranar take samu. Mutanen layi suka ce lallai duniya ta zo ƙarshe.

Wa ya sha kunyar? Maman Tagwaye mana. A kasuwa mai tumatir ta tambaye ta ko ɗankwalin kanta ma na mayarwa ne. A wurin koyon waƙa, malamar makaranta ta kama gefen zanenta tana dubawa, ta ce, "Yi haƙuri, Mama, na ga kamar na san shi ne." Ranar da ta dawo gida ta tarar da tagar falo tsirara, wai labulen na matar direba ne, sai da ta zauna a ƙasa.

"Kai ka yi tuba, ni ake tsiraitawa! Mutane nawa suka tuba a cocin nan? Su fito gaba su durƙusa, a yi musu addu'a, kowa ya koma gidansa da mutuncinsa. Kai sai ka yi taka da ganga?"

"Labulen ba namu ba ne," ya ce, yana ninkewa.

Buhu na biyu ya ƙare, na uku ya bi shi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ko kalmar leshi aka ambata a kusa da ita sai gabanta ya faɗi. Sai ta shiga neman hanyar da za ta saye maganar. Ta buɗe akwatinta ta fitar da zannuwa shida masu kyau ta raba wa gwauraye. Ta dafa shinkafa tukunya guda ta kai wa masu jinya. Ta ɗauki sharar coci ta wata biyu ita kaɗai. Kowanne ta yi sai ta tabbatar mijin ya ji.

"Ka gani ko? Alheri yana rufe abubuwa da yawa. Buhu na ƙarshen nan duk ya tsufa, asu ya ci, a ba masu shara kawai."

"Kin kyauta," in ji shi. "Masu jinya sun ci. Bahaguwa ba ta ci ba."

Shekara goma sha biyu ba a ambaci sunan nan a gidan ba.

Washegari da safe, yana fita rabon na huɗu, ta ɗauki mabuɗin shago. Ta zura hannu cikin buhu na biyar har kafaɗa, ta zaro leshin. Ya yi ja-ja a wurin ninki, amma yana nan yadda yake, har yanzu da kyansa, tsinanne. Ta kawo gida ta kunna risho. Tana tsaye da shi a hannu sai ga mutumin ya dawo, wai ya manta maganinsa. Ya dubi wutar, ya dubi leshin, ya zuba ruwa a kofi ya haɗiye ƙwayarsa.

"Ƙona shi in kina so. Matar likita ta bar gari tun tuni, ba wanda ya san inda take. Ba leshin ne zan kai ba dama. Wurin Bahaguwa zan je, da shi ko ba shi."

"Ka je ka ce mata me? Ka tona mini asiri da tsufana? Ni da na yi jinyarka, na kwana huɗu a kan kujera? Surukaina biyu su ji uwar matansu ɓarauniya ce?"

"Nawa zan faɗa. Ni na yanka, ni na yi shiru. Naki kuma naki ne, ba zan taɓa shi ba."

Kai, da zagin ta ya yi da ya fi mata sauƙi. Da ya ce sai ta je dole, da ta san yadda za ta yi da shi, shekara talatin da huɗu tana cin irin wannan faɗan. Amma mutum ya bar maka kayanka a hannu ya juya, da wa za ka yi rigimar? Ta kashe risho, ta zauna a kan turmi ta yi kuka, rabi na haushi, rabi na tsoro. Abin da ya fi ci mata rai, ta san gaskiyarsa ce. In ya je shi kaɗai ya ɗauki laifin duka, ita za ta ci gaba da ɗaga waƙa a sahun gaba, ba wanda zai sani, sai ita da shi da Wanda take yi wa waƙar.

Ranar Alhamis suka tafi tare. Ya ɗauko keke na biyu, wanda ba a sake zama a kansa ba tun ranar da Bahaguwa ta fita, ya shafa masa mai, aka ɗora a baro. Duk hanya tana mita, rana ta yi zafi, takalminta yana cizo, mai baro ba ya kallon rami.

A bayan wani gidan abinci suka sami Bahaguwa, tsugune gaban baho uku tana wanke kwanuka. Ta rame, furfura ta fara fitowa a gaban goshi. Yatsunta sun kumbura sun tsattsage saboda sabulu. Ta gane su tun daga nesa, amma ba ta miƙe ba.

Sai-Gobe ya cire hula ya faɗi nasa, bai ƙara ba bai rage ba. Sannan ya ja gefe. Maman Tagwaye ta matso kusa, ta waiwaya ta ga ba mai ji, ta buɗe jaka ta nuna bakin leshin. Da murya ƙasa ƙasa ta ce ita ta sa aka yanka, ita ta ɓoye, ita ta yi ƙarya. "Sharrin Shaiɗan ne, 'yata. Ki yafe mini."

Bahaguwa ta ɗauraye faranti ta kife. "Ai na sani, Mama. Ina zaune a kan keke ya yanka, ina gani."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Wa zai ji ni a kanki?" Ta share hannu a zane, ta dubi baro. "Keken zan karɓa, Maigida. Shagonku dai ba zan sake zama ba. Leshin kuma ku san inda za ku kai shi, ba nawa ba ne, bai taɓa zama nawa ba." Sai ta juyo. "Mama, ranar nan benci cike yake. Har masu wucewa sun tsaya. Da ƙarfi kika faɗa. Yau kuma kin zo bayan kicin kina yi mini raɗa."

Maman Tagwaye ta dawo gida tana huci. Wai yarinyar nan ba ta da kunya, babba ya durƙusa mata tana gindaya sharaɗi! An kai mata keke har inda take, me kuma take so, jini? Ta yi ta yi har ta gaji. Mijin yana can yana goge ƙyallayen buhu na biyar.

Ranar Lahadi, da aka zo sanarwa, fasto ya tambaya ko akwai mai magana. Maman Tagwaye ta miƙe. Ta zaro leshin ta ɗaga. Muryar nan da ake ji har bayan coci, yau ma an ji ta. Ta faɗi ranar, ta faɗi jakar da ta zazzage, ta ce Bahaguwa ba ta taɓa ɗaukar ko zare ba, ɓarauniyar ga ta nan tsaye. 'Yan matanta biyu suka sunkuyar da kai kusa da mazajensu. Da ta gama ba ta koma sahun gaba ba, ta wuce can baya ta zauna kusa da mijinta. Bayan an tashi wasu suka rungume ta, wasu suka bi ta wata ƙofar. Matar mai gyaran rediyo ta ce dama ita ta daɗe da sani, ƙarya take yi.

Litinin da hantsi ta koma bayan gidan abincin, ita kaɗai. Ranta ya ɗan yi sanyi, har tana jin ta yi abin a yaba.

"Na faɗa. Gaban kowa da kowa."

"Na ji labari," in ji Bahaguwa. "Saura mutum ɗaya."

"Haba! Wane ne kuma? Duk garin nan wa ya rage?"

Bahaguwa ta roƙi mai gidan abincin awa ɗaya, ta yafa mayafi, ta ce su je. Suka bi titi, suka wuce tashar mota, suka wuce gidajen ƙarshe. Maman Tagwaye tana biye tana haki tana tambaya. Sai da ta ga katangar maƙabarta sannan ta gane inda suka nufa.

Kabarin yana can gefe, ciyawa ta ci rabinsa, an kafa ɗan gicciyen katako da fentinsa ya kaɗe. Bahaguwa ta tsuguna ta cire ciyawa biyu uku da kumburarrun yatsunta.

"Uwata ce. Ita ta sayar da akuyoyinta ta kai ni koyon ɗinki. Da labarin ya iso mata na rantse mata ban ɗauka ba. Ta ce mace kamar Maman Tagwaye, mai riƙe da waƙa a coci, ba za ta yi ƙarya ba. Shekara huɗu ta yi bayan nan. In zan shiga ɗakinta sai ta tura jakarta ƙarƙashin filo." Ta miƙe ta ja baya. "Faɗa mata."

Maman Tagwaye ta tsaya cikin rana, ba inuwa ko ta tsinke. Duk mitar da ta ƙunso tun daga gida ta watse. Ta durƙusa, gwiwoyinta suka yi ƙara. Ta fara magana, muryar tana karyewa. "Baiwar Allah, 'yarki ba ta ɗauki komai ba. Ni ce..."

"Ɗaga murya, Mama," in ji Bahaguwa daga bayanta. "Tun tana da rai ba ta ji sosai."

Maman Tagwaye ta share fuska da gefen mayafi, ta ja numfashi, ta sake farawa daga farko da ƙarfi.